Da Ni Ke Ƙera Wasannin Mulki, Ga Abin Da Zan Gyara A Bakin Iyaka

A cikin wasannin da ake bugawa a waya da kwamfuta akwai wani rukuni da ake ba mutum ƙasa guda ya mulka. Zai kafa birane, ya yi noma, ya tara haraji, ya ɗauki sojoji, sannan ya san yadda zai zauna da maƙwabtansa. Su nake kira wasannin dabarun mulki. Na fara buga su tun ina aji huɗu na sakandare, yanzu ina shekara ta biyu a jami'a, kuma abu ɗaya ya daɗe yana tsaya mini a rai game da su. Sun ƙware wajen koya wa mutum yaƙi, amma zaman lafiya a cikinsu ba shi da wani aiki. Da zarar ka yi sulhu da maƙwabcinka, abin da ya rage maka shi ne ka yi ta jiran lokaci ya wuce, har gajiya ta sa ka sake ɗaura masa yaƙi.

Ga wanda bai san su ba, bari in gabatar da kaɗan. Wanda ya fi shahara shi ne Civilization, wanda Sid Meier ya tsara, ya fara fitowa a Amurka a 1991. Na shida ya fito a 2016, na bakwai a 2025, kuma a cikin na bakwai ɗin Sarauniya Amina ta Zazzau tana cikin shugabannin da mutum zai iya zaɓa. Akwai Europa Universalis IV na kamfanin Paradox da ke Suwidin, wanda ya fito a 2013. Labarinsa yana farawa daga shekarar 1444, kuma a taswirarsa za ka ga Kano da Katsina da Zazzau, kowace da tutarta. A Crusader Kings III na 2020 ana iya farawa da Daurama a shekarar 867. A Victoria 3 na 2022 akwai Daular Sakkwato a 1836. Age of Empires III ma ya ƙara Hausawa cikin al'ummominsa a 2021.

Ke nan ba mamaki akwai yaro a Koriya ko Jamus da bai taɓa jin sunan Katsina ba sai a cikin wasa. Mu ma haka muke fara jin sunayen wasu ƙasashen. Shi ya sa nake ganin abin da wasan ke koyarwa game da maƙwabtaka ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya shafe awanni ɗari yana kallon iyaka a matsayin wurin jibge sojoji, wani abu daga cikin wannan kallon zai zauna masa a kai.

Yadda iyaka take a yanzu ba wuya a fahimta. A Civilization an raba taswira gida-gida kamar na dara, sai dai kowane gida kusurwa shida gare shi. Birninka yana cin gidajen da ke kewaye da shi sannu a hankali, ko ka saya da zinariya. Duk gidan da ya ɗauki launinka naka ne, wanda ya ɗauki launin wani nasa ne, inda launukan biyu suka haɗu nan ce iyaka. Diflomasiyya kuwa, wato harkar jakadanci da sasantawa tsakanin ƙasashe, ta fi kama da ciniki a bakin shago. Ka aza zinariya a wannan gefe, ya aza dawaki a wancan, kwamfuta ta yi lissafinta ta ce ta yarda ko ta ƙi. A Age of Empires II matsayi uku ne kacal tsakaninka da kowa: aboki, ɗan ba-ruwanmu, ko abokin gaba.

Masu ƙera wasannin sun yi ƙoƙari, kuma ya kamata a faɗa. A 2018 an ƙara wa Civilization na shida tsarin biyayya, inda birnin da ya yi nisa da ƙasarsa, manyan biranen wata ƙasa suka kewaye shi, zai iya tawaye har ya koma hannun maƙwabci ba a harba ko kibiya ba. A Europa Universalis IV idan ka cika haɗiye ƙasashen mutane, maƙwabta suna haɗa kai su taru a kanka. A Victoria 3 ba a faɗawa yaƙi kai tsaye. Sai ka fara gabatar da buƙatarka, manyan ƙasashe su zaɓi ɓangare, kuma ɗayanku yana da damar janyewa kafin a gwabza. Duk waɗannan ci gaba ne. To amma idan ka duba, yawancinsu suna tsara yadda za a shiga yaƙi ne ko yadda za a hukunta mai yin sa. Ni abin da nake nema shi ne a ba mai son zaman lafiya abin yi.

Gyara na farko shi ne a zuba mutane a bakin iyaka. Ni ɗan jihar Katsina ne, kuma gwaggona tana aure a Maraɗi. Idan ana biki a can, daga nan ake tafiya mota-mota ta Jibiya, idan ana yi a nan su ma haka suke zuwa. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, har sarkin Maraɗi ma Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina na dā ne suka koma can bayan jihadi. Layin da ya raba mu Turawan Ingila da Faransa ne suka shata shi. A 1890 suka ja shi daga garin Say da ke bakin kogin Neja zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi, suka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Ɗaya daga cikin dalilan gyaran 1904 shi ne Faransa tana neman hanya mai rijiyoyi da ayarinta zai bi daga kogin Neja zuwa Damagaram. Ku duba fa, ruwan sha ne ya matsar da iyakar ƙasa. Ban taɓa buga wasan da rijiya ta yi wannan aiki ba.

Da ni ke tsarawa, kowane gida da ke bakin iyaka zai kasance da jama'arsa, kuma wasan zai nuna yawan waɗanda ke da dangi ko ciniki a ɗaya gefen. Inda dangantakar ta yi ƙarfi sai kasuwa ta tsiro da kanta, ƙasashen biyu su riƙa samun kuɗin shiga. Ranar da ɗaya ya rufe iyaka, shi ma ya ji a jikinsa. Mun ga haka da idonmu. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin Najeriya na tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020, lokacin da aka buɗe mashigai huɗu, ciki har da Illela da Maigatari. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko ba ya yi, ya san farashin shinkafa ya motsa, kasuwannin iyaka sun yi sanyi, 'yan fasa-ƙwauri kuma sun ƙara bin hanyoyin daji. Wannan shi ne irin lissafin da mai wasa zai ji daɗin yi. Idan na rufe, manomana za su sami kasuwa, amma mutanen birni za su yi kukan tsada, kuma sai na ɗauki ƙarin jami'an kwastan. Ga tunani, ga zaɓi, alhali ko soja ɗaya bai motsa ba.

Gyara na biyu shi ne ƙofar ta daina zama ko a buɗe ko a rufe. A Civilization na shida yarjejeniyar buɗe iyaka ta fi shafar sojoji da 'yan leƙen hanya, fatake da masu wa'azi kuwa suna wucewa ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Ke nan mai wasa ba shi da ta cewa a kan masu shigowa da yawa. A zahiri kuwa masu ƙetare iyaka iri-iri ne, kuma kowane da sharaɗinsa. Ƙungiyar ECOWAS ta amince tun 1979 cewa ɗan ƙasa ɗaya zai iya shiga wata ba biza ya zauna har kwana 90, amma wannan bai ba sojan wata ƙasa izinin shigowa da bindigarsa ba. Kakanninmu da suka tafi aikin hajji a ƙasa sun ratsa Chadi da Sudan, wasu suka yi shekaru a hanya, wasu ma suka zauna can, zuriyarsu na nan har yau. Makiyaya kuma suna gangarowa kudu da rani, su koma arewa da damina.

Saboda haka zan yi wa kowace iyaka ƙofofi huɗu: ta fatake, ta matafiya da mahajjata, ta makiyaya, da ta sojoji. Kowace ana iya buɗe ta ita kaɗai, a sa mata kuɗin fito, ko a ƙayyade mata lokaci. Misali in ce wa maƙwabcina, shanunka za su iya bin burtalin da ke gabashin ƙasata wata huɗu a shekara, ni kuma fatakena su sauka a zangonka ba haraji. Idan shanunsa suka bar burtali suka shiga gona, ga ƙaramar rigima ta taso, kuma akwai hanyoyin kashe ta: a biya diyya, a sake shata burtalin, ko a rufe wannan ƙofa ɗaya a bar sauran. A yanzu mai wasa da ya ji haushin maƙwabci zaɓinsa kaɗan ne, ko ya yi tir da shi, ko ya hana shi ciniki, ko ya kai masa hari. Tsakanin waɗannan akwai fili mai faɗi da ba a yi amfani da shi ba.

Gyara na uku shi ne a yarda akwai ƙasar da ake jayayya a kanta, a kuma samar da inda za a kai ƙara. A wasa gida ɗaya ba ya ɗaukar launi biyu, amma a duniya akwai wuraren da ƙasashe biyu kowace ke cewa nata ne. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne yankin Bakassi. Kamaru ta kai Najeriya ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg a 1994. Kotun ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002, ta ba Kamaru yankin, tana dogaro musamman da wata yarjejeniya da Ingila da Jamus suka yi a 1913. Hukuncin bai gama maganar ba. Sai da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya shiga tsakani, Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Amurka ranar 12 ga Yuni, 2006. An kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta, 2008. Shekara 14 ke nan daga kai ƙara zuwa miƙawa.

Ku dubi yawan abin wasa da ke cikin wannan labari. Akwai tara hujja, wato tsofaffin takardu da taswirori da shaidar wanda ya daɗe yana karɓar haraji a wurin. Akwai neman mai shiga tsakani da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Akwai zaɓi mai nauyi ga wanda ya faɗi a shari'a: ya bi hukunci ya fuskanci fushin mutanensa, ko ya ƙi bi ya zubar da mutuncinsa a idon duniya. Akwai kuma masunta mazauna wurin, waɗanda dole su zaɓa tsakanin zama a ƙarƙashin sabuwar tuta da barin gidajensu. Sulhu ma yana da ciwo, kuma wasa mai gaskiya zai nuna hakan. Civilization na shida ya sami majalisar duniya a 2019, inda ƙasashe ke kaɗa ƙuri'a, amma ba ta sauraron ƙarar iyaka. Da an ba ta wannan aiki, da ni ne na farko a layin masu shigar da ƙara.

Gyara na huɗu ya shafi nauyin magana. Hausawa na cewa alkawari kaya ne, amma a wasa sau da yawa kaya ne mara nauyi. A Civilization na shida yawancin yarjejeniyoyi zagaye 30 suke yi su ƙare. Ni ina so kowace ƙasa ta kasance da littafin amana da kowa zai iya buɗewa, mai nuna alkawuran da ta ɗauka, waɗanda ta cika da waɗanda ta karya, kuma abin ya bi ta har jikoki. Mai cika alkawari ya sami bashi da sauƙi, a riƙa kiransa sasanci, mai karyawa kuma ko ya zo da zinariya a nemi ya kawo wanda zai tsaya masa. Ina kuma so shugabannin da kwamfuta ke juyawa su riƙa faɗin dalili a fili. Idan maƙwabci ya ƙi tayina, ya ce mini saboda sansanin da na gina a bakin kogi ne, domin in san abin da zan rushe idan ina son shiri.

A nan ma akwai maganar manzo. A yawancin wasannin, sarki a shekarar 1500 yana magana da wani sarki a wata nahiya nan take kamar yana da waya. A tarihi saƙo tafiya yake yi. Amurka da Ingila sun sa hannu a takardar sulhu a birnin Ghent da ke Beljiyam ta yau ranar 24 ga Disamba, 1814, amma sojojinsu suka gwabza a New Orleans ranar 8 ga Janairu, 1815, domin labarin bai riga ya ƙetare teku ba. Da wasa zai sa manzo ya hau doki ko raƙumi ya yi zagaye biyar a hanya, ana iya tare shi, ana iya saye shi, da kowace wasiƙa ta zama abin da za a yi tunani kafin a aika. Gina hanya mai kyau zuwa fadar maƙwabci ma sai ya zama dabara.

Gyara na biyar gajere ne: a ba maƙwabta abin da za su yi tarayya a kai. Kogi a wasa yawanci shinge ne da ke wahalar da mai kai hari, ko abin da ke ƙara amfanin gona. A zahiri wanda ke sama idan ya gina madatsa, na ƙasa ne ke jin ƙishi. Shi ya sa Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da tafkin Chadi a 1964. A wasa zan sa ruwan kogi ya zama mai iyaka, ƙasashen da ke bakinsa su zauna su raba. Idan sun daidaita kowa ya yi noman rani, idan ɗaya ya yi zari kifi ya ƙare wa kowa har shi.

Na san abin da wasunku za su ce. Wasa don nishaɗi ake yin sa, wa zai bar harbi da hawan doki ya zauna yana cika takardu kamar ma'aikacin ofis? Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce, yaƙin ma cike yake da ƙa'idoji: maharba sun fi ƙarfin wane, mahaya dawaki suna tsoron masu māsu, tudu ya fi kwari wajen tsaro. Ba wanda ya ce sun yi yawa, domin kowace ƙa'ida tana haifar da zaɓi. Akwai kuma shaida cewa magana kaɗai tana riƙe wasa. A 1959 wani Ba'amurke mai suna Allan Calhamer ya fitar da wasan allo mai suna Diplomacy, inda mutum bakwai ke riƙe manyan ƙasashen Turai bakwai daga shekarar 1901. Babu jefa ƙuri'a ko sa'a a motsin rundunoni. Kowa yana rubuta umarninsa a ɓoye bayan an tattauna, sannan a buɗe gaba ɗaya. Har yau ana buga shi.

Mu ma mun gwada wani abu makamancin haka a ɗakin kwananmu na makaranta lokacin da aka gama jarrabawa. Mu huɗu muka buga wasa ɗaya, muka sa na biyar ya zama alƙali, ba ya riƙe ƙasa. Duk yarjejeniyar da aka ƙulla sai an rubuta ta a takarda an ba shi. Wanda ya karya, alƙali zai sanar, sauran kuma sun yi alkawarin daina ciniki da shi zagaye 20. Muka ware wani kwari mai dawaki da ke tsakanin biyu daga cikinmu, muka ce ba mai kafa birni a ciki sai alƙali ya saurari hujjar kowa. Dare uku muka yi, yaƙi ɗaya kawai aka yi, amma gardama da raɗa da kulle-kulle sun fi na kowane wasa da muka taɓa bugawa. Wanda ya fi kowa ƙarancin sojoji shi ya ƙare da mafi yawan dukiya, domin kowa ta ƙasarsa yake son fatakensa su bi.

Ku ma za ku iya gwadawa, kuma ba sai da kwamfuta mai tsada ba. Akwai wani wasa kyauta mai suna Unciv da ke aiki a ƙananan wayoyin Android, wanda aka gina bisa tsarin Civilization na biyar, kuma yana ba mutum damar sauya wasu ƙa'idojinsa. Wanda ba shi da waya, kwali da biro da duwatsun dara sun isa. Ku zana ƙasashe huɗu da kogi ɗaya da ya ratsa su, ku sa kasuwa a kowace iyaka, ku naɗa alƙali, ku rubuta dokokinku. Sai dai a bari sai an gama aikin gida ko lokacin hutu, kada malam ya ce ni na ɗauke muku hankali.

Waɗanda suka ƙera manyan wasannin nan yawancinsu a Amurka da Turai suke zaune. Yaron da ya tashi a Illela ko Maigatari ko Ƙonni ya san abubuwa game da iyaka da ba a koyo a littafi: ya san ranar kasuwa, ya san yadda ake canjin naira da sefa, ya san gidan da rabin danginsa ke wancan gefe. Idan irin wannan yaro ya haɗa saninsa da darasin tarihi da lissafi, ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, zai iya ƙera wasan da babu irinsa a kasuwa. Idan kun gwada na kwalin, ku rubuto wa wannan shafi ku gaya mana dokar da ta yi aiki da wadda ta jawo rigima a ajinku.